Lemon Malam da Ruwan Baƙi

A gidan Malam Hodi da ke Gwadangaji, ruwa ba ya yin aiki ɗaya a sallame shi. Haka Malam ya tsara tun kafin a haifi 'ya'yansa, haka kuma ya bar gidan ranar da aka fita da shi a makara.

Ruwan da aka wanke shinkafa da shi, a ciki ake jiƙa tukunyar da ta kama, in ta saki a ba akuya. Ruwan ɗaurayar tufafi na farko shi ke goge ɗaki, na biyu a ajiye shi don wankin gobe. Wanka kuwa cikin baho ake tsayawa, abin da ya taru a kai bayan gida. Kowane ruwa da mazubinsa: akwai jan bokiti, akwai shuɗi mai ɗinkin waya, akwai tsohuwar garwa, akwai randar da ta tsage aka liƙe ta da siminti. Malam ya yi shekara ashirin da tara yana aikin masinja da safe, da yamma yana ba manyan unguwa karatu a zaure, don haka da harshen ofis yake magana a kan ruwa. In ya leƙa bokiti ya ga za a zubar, sai ya ɗaga yatsa.

"Wanga bai isa ritaya ba. A yi mishi canjin wurin aiki."

Matarsa Fadimatu 'yar Argungu ce, ɗiyar masunta, gidansu in ka tsaya a ƙofa kana hangen gulbi. Satinta na farko a ɗakin miji ta gama wanke-wanke, ta ɗauki kwanon ruwan ta watsa tsakar gida kamar yadda uwarta take yi. Malam ya tsaya yana kallon ƙasa tana shanye shi, sai ka ce man shanu ta zubar.

"Ke 'yar Argungu," in ji shi, "kin ɗauka gulbi ya biyo ki cikin kayan aure?"

Daga ranar suka fara, kuma ba su daina ba shekara talatin da huɗu. Ita tana kiransa Sarkin Ruwa marar kwalekwale, shi yana kiranta Ambaliya. In ya fita takan zubar da moɗa guda da gangan don ta huce. In ya dawo sai ya ga danshin, bai taɓa kasa gani ba.

Abu ɗaya ne ba su taɓa yin musu a kansa ba, lemon tsamin da ke kusurwar tsakar gida. Daga lambun babanta na Argungu Malam ya ɗauko shi cikin gwangwani, shekarar da ta haifi ɗanta na fari, Muhyiddeen. Ya dasa shi, ya nemo faffaɗan dutse ya girka a gindinsa, ya ce nan ne wurin alwala. Lemon ba ya shan komai sai ruwan alwala. Ruwan da sabulu ya taɓa ba ya zuwa wajen, don Malam ya ce sabulu ƙone saiwa yake yi. Malam sau biyar a yini, Fadimatu sau biyar, ga ɗaliban zaure, tela da mai keke Napep da wani tsohon ɗan sanda da sauransu, kowa a kan dutsen nan yake zama. Da haka lemon ya girma ya wuce katanga, har maƙwabta suna samun na kunu da azumi.

Malam ya rasu a farkon bazara, ranar Talata, bayan ya yi alwalar azahar bai kai ga sallar ba.

Kwana bakwai gidan cike da 'yan gaisuwa, daga Argungu, daga Augie, daga Nasarawa, kowa kuma in lokacin salla ya yi sai a nuna masa dutse. Lemon ya sha ruwan da bai taɓa sha ba. Ganyensa ya yi shar, har da fure ya fitar a cikin makoki. Fadimatu ta ji kunya a madadinsa. Ta ce masa a hankali, "Kai ko kara babu."

Bayan sadakar arba'in ƙafa ta ɗauke. Ɗaliban zaure suka koma wajen wani malami. Famfon unguwa, wanda dama sai ya ga dama, ya yi shiru gaba ɗaya. Jarka biyu mai ruwa yake kawo mata kullum, a ciki za a sha, a dafa, a yi wanka, a ba akuya. Ita kuma takaba take yi, wata huɗu da kwana goma, ba ta fita ko'ina balle ta je layin burtsatse. Alwalarta ita kaɗai ta rage wa lemon, ga shi Malam ya riga ya lalata mata hannu, sulusin buta ya ishe ta. Rannan ta ɗebo moɗa daga randar sha za ta zuba masa, sai ta ji kamar an ce daga bayanta, wanga ko aikin farko bai yi ba. Ta juya, babu kowa sai buzun Malam a rataye. Duk da haka ta zuba, amma mene ne moɗa ɗaya a zafin Birnin Kebbi? Ƙasar ta yi cuu, shi ke nan.

Ganye ya fara naɗewa, ya yi rawaya, ya fara zuba. Kowace safiya tana share shi tana duban sama. Ruwan farko da sauran sati biyar ko shida, in Allah ya kawo da wuri. Ba ta ganin lemon zai kai. Ta kuma san abin da ba ta faɗa wa kowa ba: ranar da ya bushe, ranar ce za ta yarda Malam ya tafi.

Mutum ɗaya ke shigo mata kullum, Bolanle, matar Sikiru mai gyaran famfo, wadda ke sayar da robobi a kasuwa. Shekararta ashirin a gidan da ke jikin nasu, Hausarta har da karin Kabi. Takan zo da yamma da ɗan ruwan alwalarta a kwano, ta zuba wa lemon, ta ce, "Maman Muhyi, ga sadakata, ban da yawa." Sannan su zauna tare.

Ana haka sai ga Muhyiddeen ranar wata Laraba, da jaka a kafaɗa da fara'a a fuska. Ma'aikacin ofis ne, gidansa yana can cikin gari, mai bayan gida na tayil. Kwanan nan kuma ya zama sakataren wata ƙungiya mai suna Ɗigon Alheri.

"Inna, albishirinki. An zaɓi gidanga."

Fadimatu ba ta faɗin sunansa, ɗan fari ne. "Kai" take ce masa, ya kuma saba. "Kai, an zaɓe shi a yi mishi mi?"

"Ƙungiyarmu za ta zo ran Asabar. Za a koya miki tattalin ruwa."

Ta dube shi. Ta dubi jan bokiti, da shuɗi, da garwa, da randa mai siminti. Ta sake dubansa.

"Ni za a koya ma?"

"Ke da matan unguwa. Yadda za a riƙa sake amfani da ruwan da anka yi aiki da shi. Sabon ilimi na, Inna, daga waje anka kawo shi. Har da mai ɗaukar hoto. In abin ya yi kyau, Hajiya shugabarmu ta ce akwai tahiya Abuja, kuma da sakatare za a tai."

"To. Allah shi kai mu," in ji Fadimatu.

Ran Asabar da hantsi tana ɗaki tana sallar walaha, ta ji ƙarar ruwa yana zuba a kwata. Ta ji na farko, ta ji na biyu. Sai da ta sallame ta fito, ta tarar tsakar gida fes, babu bokiti ko ɗaya. Muhyiddeen yana tura na ƙarshe bayan ɗakin girki da ƙafa.

"Kai! Ina ruwan?"

"Na zubar, Inna. Manyan mutane za su shigo, su iske gida awa wurin wankin mota? Wani ruwan har ya yi toka-toka."

"Bokiti bakwai."

"Ruwan datti na hwa."

"Bokiti bakwai," ta sake cewa.

Ta leƙa ta tsagar ƙyauren zaure. A waje an kafa rumfa, an jera kujerun roba, an rataya ƙyalle mai hoton ɗigon ruwa yana murmushi. Masu ruwa uku da kurarsu suna ta kwarara jarka a kan titi don kada motocin baƙi su tayar da ƙura. Titin ya sha, ya ƙoshi, har ya yi taɓo. A jikin bango an tara buhunan ruwan leda sun kai tsayin mutum.

Wajen sha ɗaya baƙi suka iso cikin mota biyar, kowace an wanke ta da safen nan, ɗaya ma ruwa bai gama ɗiga daga ƙarƙashinta ba. Shugabar ƙungiya, Hajiya Ni'imatullahi, ta fito cikin leshi ruwan zuma da tabarau mai bakin zinari. Bayanta maza masu manyan riguna, da Sama'ila mai ɗaukar hoto yana tafiya da baya yana cin tuntuɓe. Matan unguwa suka cika tsakar gida, don an ce za a raba bokiti.

Fadimatu ta zauna kan tabarma a bakin ɗaki cikin tsohon hijabinta. A hannunta na dama akwai 'yar ƙaramar wuƙa mai ƙotar itace. Yayarta ta Argungu ce ta danƙa mata ranar da ta shiga takaba, ta ce haka iyayensu suka yi, mai takaba ba ta zama hannu wofi. Muhyiddeen ya ce wannan ba ya cikin littafi. Fadimatu ba ta yi musu ba, ba ta kuma ajiye ba, don hannun da ya saba miƙa wa mutum buta yana son abin riƙewa. Yanzu har mantawa take yi tana hannunta.

Hajiya ta durƙusa rabi. "Mama, ya haƙuri? Allah shi jiƙan Malam." Kafin a amsa ta juya. "Sama'ila, fuskarta ta yi duhu. A samo hoda da ɗan kwalli, a ba ta rigar ƙungiya ta sa."

"Takaba nikai," in ji Fadimatu.

"Ayya, haka na. To ko ɗan murmushi, Mama? Masu ba mu tallahi suna son su ga an amfana."

"In na amfana za ki gani."

Aka fara jawabi. Hajiya ta ce bincike ya nuna matan unguwanni irin wannan su ne kan gaba wajen ɓarnar ruwa, ba don mugunta ba, don rashin wayewa. Ta buɗe gorar ruwa ta kurɓa sau ɗaya ta ajiye a ƙasa. Ta ce ruwa shi ne rayuwa. Aka yi tafi. Ta nemi gorar ba ta gani ba, aka buɗe mata wata. Wani mai babbar riga ya tashi ya ce shi ma abin da zai faɗa ke nan, sannan ya yi rabin awa yana faɗa. Bolanle tana bin bayan kujeru a sunkuye tana tattara gorunan da aka sha rabi, tana jera su a bayan Fadimatu.

"Sha huɗu," ta raɗa mata. "Waɗannan in sun ƙara awa ɗaya, rijiya za mu gina."

Daga nan aka zo kan babban abu, wato gwaji a aikace. Hajiya ta naɗe hannun leshi.

"Yanzu za mu nuna muku abin da ba ku taɓa gani ba. A kawo min ruwan da anka yi wanki da shi."

Muhyiddeen ya dubi takardar hannunsa kamar ruwan yana ciki.

"Sakatare, ruwan wanki. Gida guda a ce babu ruwan datti?"

"Akwai da sahe," in ji Fadimatu daga kan tabarma. "Bokiti bakwai. Tambayi sakatarenku."

Mata suka fara rufe baki da gyale. Hajiya ba ta saba tsayawa kan ƙaramin abu ba. Ta ce ai babu damuwa, sai a haɗa. Aka kawo sabon baho. Maza biyu suka durƙusa suna fasa ruwan leda da haƙori suna matsawa ciki, har leda talatin. Aka zazzaga garin sabulu rabin ƙunshi, aka tsiyaya bilic don kumfa ta yi fari a hoto. Sai aka rasa abin wankewa. Aka ɓare sabuwar rigar ƙungiya daga ledarta aka tsoma, aka cuɗa, aka matse.

Sama'ila ya leƙa ta cikin na'urarsa ya girgiza kai. "Hajiya, bai yi kama da na talakawa ba. Ya cika tsabta."

Aka aika ɗakin girki aka ɗebo toka aka barbaɗa. Wani ya ƙara da ƙasa cikin tafin hannu. Sama'ila ya ce yanzu ya yi.

Hajiya ta ɗauki bahon da kanta, ta fuskanci mata. "To kun ga ruwanga? Da ku ne, da kun watsar a titi. Amma mai ilimi ba ya zubarwa. Shuka yaka ba." Ta waiga tana neman shuka. Duk gidan shuka ɗaya ce. "Yawwa, ga wani icce can yana mutuwa don sakaci. Sama'ila, biyo ni."

Fadimatu ba ta san lokacin da ta tashi ba. Gwiwar da ta yi wata biyu tana ciwo ba ta ce komai ba. Kafin Hajiya ta yi taku huɗu, ta riga ta hau kan dutsen Malam, ta miƙa hannu gaba.

"Tsaya nan."

Hannun dama ta miƙa.

Hajiya ta ga ƙarfe yana ƙyalli daidai hancinta. Ta ƙwala salati, ta ja da baya, bahon ya kife. Rabi a kan leshi ruwan zuma, rabi a kan takalmin mai babbar rigar da ya yi rabin awa yana jawabi.

"Ta zare wuƙa! Jama'a, wuƙa!"

Masu manyan riguna suka yi zaure a guje, biyu suka maƙale a ƙofa. Akuya ta tsinke igiya. Muhyiddeen ya ɗora hannu a ka yana "Inna! Inna!" Bolanle kuwa dariya ta kayar da ita kan tabarma, sai da ta share hawaye sannan ta iya magana.

"Haba Hajiya! Wuƙar takaba ta. Ko albasa ba ta yankawa, na gwada. Ni da niz zo daga Ogbomosho ni za ni gaya muku al'adarku?"

Hajiya tana matse gefen leshi tana haki. "Na sani mana. Kakata ma ta riƙe. Kawai ban zaci a nuna min ita ba."

Fadimatu ta dubi hannunta, ta sauke shi. Ba ta sauka daga dutsen ba.

"Ki yi haƙuri, ɗiyata, mantawa niy yi. Amma ruwanga da kinka haɗa, in ya shiga gindin lemo, gobe sai itacen wuta. Ruwan sabulu ɗaki yaka gogewa, in ya gama shi tai bayan gida. Na shinkahwa tukunya, sannan akuya. Na ɗauraya na biyu shi jira wankin gobe. Icce kuwa sai ruwan da sabulu bai taɓa ba. Kowane da aikinshi. Shekara talatin da huɗu ana koya min, ina gardama."

Wata mata daga baya ta ce, "Haka mukai mu ma, sai dai bokitinmu bai kai nata ba." Hajiya ta juya ga Sama'ila.

"Ka ɗauki wannan?"

"A'a, Hajiya. Ba ya cikin jadawali, sai na kashe."

Fadimatu ta ga kumfa tana malala a siminti tana neman hanyar lemo. Ta sauka ta ɗauki tsintsiya ta tare ta, ta kora ta tana goge tsakar gida da ita har bakin bayan gida. Tana yi bakinta yana motsi. Bolanle kaɗai ke kusa, ita ta ji abin da ta ce: "Bai isa ritaya ba."

Daidai nan ladan ya kira azahar.

Masu manyan riguna suka fara dawowa ɗaya bayan ɗaya, kowa yana cewa shi dama waya ya fita amsawa. Suka tambayi wurin alwala. Muhyiddeen ya ce su zo waje bakin kwata, an tanadi butoci. Fadimatu ta jingine tsintsiya.

"Kai. A gidanga wurin alwala ɗaya na. Baƙon Malam bai taɓa yin alwala a titi ba, ba kuma za a fara yau ba." Ta nuna dutse. Wannan karon da hannun hagu.

Babu wanda ya so gardama da ita a ranar. Suka yi layi, mutum goma sha bakwai har da direbobi. Ana fasa ruwan leda ana cika butoci. Alwalar manya kuwa ba irin ta Malam ba ce. Wannan buta guda a hannu da fuska kawai, a ƙaro. Wancan ya kai ƙafa ya ce yana shakka ko ya shafi kai, ya sake daga farko. Mai takalmin nan da baho ya jiƙa sai da ya yi buta uku. Da maza suka fita masallaci, Hajiya da 'yan rakiyarta suka hau, sannan matan unguwa. Bolanle ta bi bayansu da goruna goma sha huɗu ta tuttule.

Ruwa ya cika ramin gindin lemo, ya tsaya yana ƙyalli, ƙasa tana ja a hankali tana 'yan ƙananan kumfa.

Fadimatu ta koma kan tabarma. Ba kallo take yi ba, saurare take yi. Ƙarar ruwa a kan dutsen nan, da kurkurar baki, da gyaran murya, da ƙarar buta in an dire ta. Rabon da ta ji wannan tun kwanakin makoki, kafin nan kuma kullum ne, har ba ta san tana ji ba. Ta juya fuskarta ga bango, ta ja hijabi. Sama'ila ya ɗaga na'ura, Bolanle ta sa faffaɗan bayanta ta tare shi.

Kafin su tafi aka yi bikin ba da shaida. Takarda ce mai kauri, an liƙe ta cikin roba mai sheƙi, an rubuta cewa Malama Fadimatu ta halarci horo ta kuma koyi tattalin ruwa. Aka haɗa mata da sabon bokiti mai hoton ɗigo. Hajiya, da leshinta ya fara fitar da farin tabo inda bilic ya taɓa, ta ce ko a yau ma an ga canji a gidan nan, ga itacen da suka tarar yana mutuwa yanzu gindinsa jiƙe. Aka yi tafi. Motoci suka tashi, ɗaya ta kafe a taɓon da aka yi da safe, sai da aka tura.

Muhyiddeen bai bi su ba. Ya fito da bokitan daga bayan ɗakin girki yana jera su, yana sa kowane a inda ba wurinsa ba.

"Inna, kin kashe min Abuja."

"Ja yana kusa da murhu. Shuɗi bakin ɗaki."

Ya gyara. Ya tsaya riƙe da garwa, sai idonsa ya kai kan lemon. Wata biyu yana shigowa gidan nan yana fita, yau ya fara ɗaga kai. Rassan sama duk sun zama tsinke.

"Mi yas same shi?"

"Abin da yas same ni. Ƙahwa ta ɗauke."

Ya ajiye garwar a wurinta, daidai wurinta, ba a gaya masa ba. Suna nan zaune har aka kira la'asar. Ya tashi ya ɗauko butar Malam, baƙa mai ɗaurin roba a marfi, ya zuba ruwa kaɗan, ya zauna kan dutse.

Duk 'ya'yan Malam babu wanda ya sha faɗa a kan dutsen nan kamar Muhyiddeen. Shi ne ya gado uwarsa. Buta cike ba ta isarsa, Malam yana tsaye kansa yana cewa alwala kakai ko noman rani? Yau sai ga shi yana ɗiga ruwa a tafin hannu kamar mai zuba turare.

"Kai. Cika butar."

"Baba ya ce..."

"Na san abin da Malam ya ce, ni anka fi gaya ma. Ɓarna ya hana. Ba ɓarna ba ta in akwai mai sha a ƙasa."

Ya cika ta da ragowar ruwan leda. Ya yi alwala irin tasa ta asali, ruwa har gwiwar wando. Da ya miƙe ta ce, "Diddigen hagu bai jiƙa ba." Ya duba, ya jiƙa sarai. Ya dube ta, ta dubi akuya. Ya koma ya zauna.

Ba a tafi da shi Abuja ba. Amma ran Litinin da la'asar ya zo da jarka ɗaure a bayan babur, daga burtsatsen wajen aikinsu, ya yi alwala a kan dutse, ya zauna har magariba ya sake yi. Talata ma haka. Ran Laraba bai zo ba, ran Alhamis ya zo da abokinsa. Sikiru da Bolanle suka mayar da alwalar asuba da ta isha'i gidan. Tsohon ɗan sandan nan na zaure ya ji labari, ya fara biyowa wai hanya ce ta kawo shi.

Ruwan sama ya yi jinkiri a shekarar, sai da ya ƙara sati biyu kan lissafi. Reshen da ke kallon katanga bai kai ba, ya bushe, Muhyiddeen ya sare shi. Ɓangaren da ke kan dutse ya kai. Ranar da Fadimatu ta ga sabon toho, ƙanana uku masu laushi, ta tsaya a gabansa da tsintsiya a hannu, ta daɗe.

"Sarkin Ruwa marar kwalekwale," in ji ta, "ka ga ɗiyan Ambaliya sun yi rana."

Sabon bokiti mai hoton ɗigo an ba shi aikin ruwan ɗauraya na biyu. Takardar shaida kuwa, da Fadimatu ta gwada ta, sai ta ga ta yi daidai da bakin jan bokiti. Da ita take rufe shi har yau, don kada rana ta sha ruwan.